Kwamfuta ta ce ginin zai tsaya, to wa ya duba lissafin tsagewar kankaren?

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gareka da abokan aikinka, ina rokon ka dan bani fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana akan wani abu da ya dade yana ci min tuwo a kwarya, wato yadda ake lissafin tsagewar kankare da rushewarsa a kwamfuta, da kuma yadda mutane suka dauki duk abinda kwamfuta ta fitar a matsayin yankan wuka. Ni sana'ata kenan lissafin gine-gine, kuma duk sanda gini ko gada ta rufta ina bin rahotannin da ake bugawa, kusan kullum maganar bata wuce an rage siminti, an sa rodi mara kyau, dan kwangila ya ci kudi. Eh wadannan suna faruwa babu musu, amma fa akwai rushewar da siminti ya cika, rodi mai kyau ne, magina sun bi zane sak yadda aka basu, matsalar tun daga teburin mai lissafi ta taso, kuma ita ce ba kasafai ake tambaya ba.

Sai mutum ya fara sanin halin kankare kafin ya gane inda wahalar take. Kankare in danne shi zakayi to gwarzo ne, irin wanda ake zubawa a gini na yau da kullum yana daukar megafaskal (ma'aunin karfin matsi kenan) 25 zuwa 30 a gwajin da ake yi bayan kwana 28, amma in ja ne, wato a mikar da shi, karfinsa bai wuce kashi daya cikin goma na wancan ba, 2 zuwa 3 kawai. Kankare mai tsawon mita 1 in ka mikar da shi da kamar kashi daya cikin goma na milimita ya tsage, shikenan. Shi kuwa rodin da ke cikinsa a daidai wannan lokacin bai dauki abinda ya wuce megafaskal 20 ba alhali yana iya daukar 400 zuwa 500, kaga kenan rodi baya fara aikinsa na gaske sai kankaren da ke kewaye da shi ya riga ya tsage. Da yawa in ka fada musu haka sai su zaro ido, amma gaskiyar kenan, kusan duk bim (kankaren da ake kwantarwa a kan ginshikai) da dekin (shimfidar kankaren bene) da ke dauke da nauyi akwai kananan tsaga a jikinsa kuma da saninmu aka zana shi haka, ka'idar gini ta Turai ma ta yarda da tsaga mai fadin milimita 0.3 a yawancin wurare.

To tunda dole ne ya tsage, abinda injiniya yake nema ya sani shine a ina tsagar zata fito, ina zata nufa, zata tsaya ko zata ci gaba da tafiya. Tsagar da ta taso daga kasan bim a tsakiya ta mike sama tana da dan mutunci, rodi zai rike ta, bim din zai lankwashe a hankali kowa ya gani a gudu ko a tallafe shi. Wadda ke bamu tsoro ita ce wadda take fitowa a karkace kusa da ginshiki, ta karfin yanka, wato karfin da ke neman zame wani sashen bim ya bar dan uwansa kamar an sa almakashi, musamman inda babu isassun zoben rodi din nan da magina ke cewa ring, wannan bata sallama wallahi, lokaci daya take yanke bim. Haka ma in ginshiki ya huda dekin ya fito ta sama. Ga kuma tsagar bushewa, ga ta zafin da siminti ke fitarwa yayin da yake kamawa, wanda a madatsar ruwa ta Hoover a Amurka sai da aka binne bututun ruwan sanyi a cikin kankaren a shekarun 1930 saboda shi, ga ta tsatsa da ke kumbura rodi ta fasa kankare daga ciki. Kowacce da nata lissafin.

Asalin ilimin tsagewa ba daga kankare ya faro ba, daga gilashi ne. Wani injiniyan Ingila mai suna Griffith a 1921 ya nuna cewa abu baya karyewa don kawai nauyi ya kai wani adadi, kananan lahanin da ke cikinsa ne ke girma, kuma tsaga tana tafiya ne idan kuzarin da abin ya tara a jikinsa ya kai wanda ake bukata a bude sabuwar fuska. Duk wanda ya taba yaga kyalle ya san wannan, ka ja shi da karfi ya ki, amma ka dan tsaga bakinsa da almakashi sai ya tafi fyaat. Sai dai kankare ba gilashi bane, hadin tsakuwa ne da yashi da siminti, a gaban bakin tsagar akwai wani yanki da ya cika da kananan fashe-fashe da ido baya gani, tsakuwa ta nan tana rike da ta can, don haka ko ya tsage baya sakin karfinsa gaba daya nan take, a hankali yake saki yayin da tsagar ke budewa. Wannan saki a hankali din shine ya wahalar da masu lissafi shekara da shekaru.

Ita kwamfuta abinda take yi shine a yanyanka ginin zuwa kananan gutsattsari dubbai ko miliyoyi, a hade su kamar yadda suke a hade, wannan shimfidar muna ce mata raga, sai a fada mata halin kowane gutsure in an danne shi ko an ja shi, a dora nauyi kadan kadan tana lissafawa. Hanyar ita ake kira FEM a takaice, Ray Clough na jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ne ya rada mata suna a 1960. A 1967 Ngo da Scordelis a wannan jami'ar suka gwada ta akan bim mai rodi, suka raba ragar a inda tsagar take don ta bude da gaske, matsalar kawai sai ka riga ka san inda tsagar zata bi kafin ka fara. A 1968 Rashid, yana aiki akan tukunyar kankare ta tashar nukiliya, ya kawo wata dabara mafi sauki, maimakon a raba raga sai a ce gutsuren da ya tsage ya yi laushi ta bangaren da aka ja shi, wato a baza tsagar a cikin gutsuren gaba daya. Har yau yawancin manhajojin da ake aiki da su irinsu Abaqus da DIANA da ATENA akan jikokin wadannan dabaru biyu suke tafiya.

Anan ne kuma tarkon yake, kuma ina so dalibanmu masu karatun injiniya su bude kunne da kyau. A lissafin karfe ko duk abinda bai fara lalacewa ba, in ka kara kankanta raga amsarka tana kara matsowa kusa da gaskiya, haka aka koya mana kuma haka ne. Amma da zarar abu yana sakin karfi bayan ya tsage to labari ya canza, duk lalacewar sai ta taru a layi daya na gutsattsarin, in fadin gutsuren milimita 100 ne tsagar ta ci wani adadin kuzari, ka mayar da shi 50 ta ci rabi, ka mayar 25 ta ci kwata, in ka ci gaba sai ka wayi gari kwamfuta tana nuna maka kankare ya karye ba tare da ya ci kuzarin komai ba, abinda bazai taba yiwuwa ba a zahiri. Ma'ana mutum biyu da manhaja daya da bim daya da siminti daya zasu samu amsa daban daban don kawai wannan ya yanka raga manya wancan ya yanka kanana, kuma dukkansu hoton zai fito da kala mai kyau ja da shudi da kore, wanda bai sani ba sai ya rantse daidai ne.

Maganin ya zo daga Hillerborg da abokan aikinsa Modéer da Petersson a jami'ar Lund ta kasar Suwidin a 1976, suka ce a daina kallon karfin ja shi kadai, a auna kuzarin da ake bukata kafin tsaga ta bude murabba'in mita daya har ta rabu, a dauki wannan a matsayin halin kankaren kansa. A kankare na yau da kullum yana kaiwa wajen jul (ma'aunin kuzari kenan) 100 a kowane murabba'in mita. Sai Bažant da Oh a 1983 suka nuna yadda za'a daura wannan da girman gutsuren raga ta yadda ko ka kankanta ko ka kara girma kuzarin da tsagar ke ci bazai canza ba. Yau shekara sama da 40 kenan da wannan, amma har gobe zaka ga aikin dalibi ko ma rahoton kamfani an zuba lambobin da manhaja ta zo da su ba'a taba ko daya ba, ba'a gwada raga biyu ko uku an kwatanta ba, an buga hoto an sa hannu. Abin yana bani takaici matuka domin ba ilimin ne babu ba, yana nan a rubuce, gaggawa ce da son a mika aiki.

Wani abu kuma da wannan ilimin ya tona, wanda ni a ganina shine mafi hadari, shine girma yana rage karfi. Hankali zai baka cewa in ka ninka kaurin bim sau hudu to karfin yankan da zai dauka ma ya ninku sau hudu, amma ina, in babu zoben rodi a ciki ba haka bane. Kuzarin da babban bim ke tarawa yana karuwa da sauri fiye da wanda tsagar ke bukata ta ratsa shi, ga shi tsagarsa ta fi fadi tsakuwa bata iya cizon juna sosai, don haka kowane yanki na jikinsa yana karyewa a kan nauyin da karamin bim zai dauka lafiya lau. Su kuwa ka'idojin gini na da, akasari daga gwajin kananan bim na dakin gwaji aka ciro su. A 1955 rufin wani dakin ajiya na sojan saman Amurka a Shelby ta jihar Ohio ya rufto ta wannan hanyar, a 1967 wani masani mai suna Kani a Toronto ta kasar Kanada ya nuna abin karara da gwaji, Bažant ya fitar da dokarsa ta lissafi a 1984, amma sai a 2019 ka'idar kankare ta Amurka ta shigar da gyaran girma a lissafin karfin yanka. A tsakanin nan, ranar 30 ga Satumba 2006, gadar sama ta De la Concorde a garin Laval na kasar Kanada ta yanke ta fado kan motoci mutum 5 suka rasu, kankare ne mai kauri sosai babu zoben rodi a ciki domin ka'idar lokacin da aka gina ta bata wajabta ba, ga rodin da ba'a jera daidai ba, ga lalacewar shekaru ta hadu.

In wani yana ganin yanzu kwamfuta ta gama da wannan matsalar to ga abinda ya faru a jami'ar Toronto a 2015. Collins da Bentz da dalibansu suka zuba wani yankin dekin mai kaurin mita 4, suka aika wa injiniyoyi a kasashe daban daban duk bayanansa, girmansa da rodinsa da karfin kankarensa, suka ce kowa ya fadi nauyin da zai karya shi kafin a gwada. Hasashe 66 suka samu daga jami'o'i da kamfanoni. Bangaren dekin din da babu zoben rodi a ciki ya karye a kilonutin 685, kusan tan 70 kenan, amma wasu amsoshin sun ninka haka sau uku har fiye, wato da gini ne na gaske da sun dora masa abinda zai kashe mutane suna ganin akwai sauran rara. Akwai wadanda suka zo kusa sosai kam, kuma wannan ma darasi ne, abin yana yiwuwa in mai lissafin ya san halin tsaga. Ka tuna fa wannan abu daya ne tak a dakin gwaji, an san komai nasa, babu ruwan sama babu tsatsa babu kuskuren magini.

Misalin da duk malamin wannan fanni yake kawowa shine Sleipner A a kasar Norway. Katafaren gindin kankare ne na dandalin hako gas a teku, mai dakuna 24, ana gwajin nutsar da shi a hankali a Gandsfjord kusa da Stavanger ranar 23 ga Agusta 1991, ya kai zurfin kamar mita 65 sai bangon wani lungu mai kusurwa uku da ke tsakanin dakunan ya tsage, ruwa ya shigo fiye da yadda famfo zai iya fitarwa, ya nutse gaba daya, faduwarsa kasan teku sai da na'urar auna girgizar kasa ta nuna maki 3. Allah ya kiyaye ba'a rasa rai ba amma asarar ta kai wajen dala miliyan 700. Da aka bincika sai aka ga an yi lissafin ne da manhajar NASTRAN, ragar da aka shimfida a wannan lungun bata da kyau gutsattsarin sun karkace, sai ta rage karfin yankan da ke wurin da kashi 47 cikin 100, aka yi bangon bai kai ba, rodin da ya kamata ya rike wurin kuma ya gaza tsawo. Da aka sake lissafin yadda ya kamata sai ya nuna zai karye a mita 62, kaga kusan daidai da abinda ya faru. Manhajar bata yi karya ba, abinda aka bata shi ta lissafa, kuma lissafin hannu na takarda daya akan matsin ruwan da ke kan wannan bangon zai iya nuna cewa lambar bata zauna ba. Wanda aka sake ginawa ya fara aiki a 1993.

Na garin Miami a Amurka kuwa shi yafi tsaya min a rai domin kankaren da kansa ya yi magana ba'a saurare shi ba. Gadar masu tafiya a kasa ce ta jami'ar FIU, ana cikin aikinta, mai nauyin tan 950, an dora ta a kan babban titi. Kwanaki kafin ta fado tsaga ta bayyana a mahadar da ke karshenta na arewa, aka dauki hotuna, tana kara budewa, injiniyan da ya zana ta ya ce an ga tsagar amma ba matsalar tsaro bace, har safiyar ranar an zauna taro akai kuma ba'a rufe titin ba. Ranar 15 ga Maris 2018 ta rufto kan motoci mutum 6 suka mutu. Hukumar binciken hadurran sufuri ta Amurka a rahotonta na 2019 ta ce masu zanen sun rage nauyin da ke kan mahadar a lissafi sannan sun kara mata karfin da bata da shi, kamfanin da aka dauka ya duba aikin bai duba mahadun ba, kuma tsagar ta ninka wadda aka saba yarda da ita sau 40. Haba jama'a, tsagar da ta kai haka ai ba sai an koma kwamfuta an tambaye ta ba, gani ya kori ji. In lissafinka ya ce wuri bazai tsage ba ka je ka tarar ya tsage ya bude baki, to lissafin ne ya fadi, a fitar da mutane tukunna sannan a zauna neman dalili.

Kar a fahimce ni ba daidai ba, ni ba makiyin kwamfuta bane, da ita nake cin abinci kuma na san abinda ta kawo. Tsohuwar gada da lissafin hannu zai ce a rushe, lissafi mai zurfi zai iya nuna tana da sauran karfi a gyara ta kawai, madatsar ruwa da bazaka taba gwada ta a dakin gwaji ba dole sai ta wannan hanyar, haka binciken girgizar kasa da gobara da fashewar bam. Kuma fannin yana ci gaba, a 1999 Belytschko da abokansa suka fito da hanyar da tsaga zata ratsa ta tsakiyar gutsure ba sai an sake shimfida raga ba, yanzu har akwai masu daukar hoton cikin kankare da na'urar sikan su zana kowace tsakuwa a inda take. Amma duk kyan hanyar, lambobin da ka zuba mata su zata dafa maka. A wurin aiki abinda ake aunawa kusan kullum karfin dannewa ne kawai na dan kankaren gwaji mai milimita 150, shi kuwa karfin ja da kuzarin tsagewa da yadda rodi ke kama kankare duk kiyasta su ake daga wannan lamba daya, alhali su ne ke yanke hukuncin yadda tsagar zata tafi. Ga shi kankaren da aka zuba da safe da wanda aka zuba da yamma ma ba lallai su zo daya ba, wanda aka shayar da ruwa sosai da wanda aka bari rana ta busar ba daya bane.

Shi yasa nake kira ga 'yan uwana masu wannan sana'a da malaman jami'a, kafin a yarda dalibi ya lissafa bene mai hawa goma a manhaja a fara bashi bim daya da aka riga aka karya a dakin gwaji aka san sakamakonsa, a boye masa amsar, in ya iya fito da nauyin da kuma hanyar da tsagar ta bi to sai a ci gaba, ya canza raga ya ga ko amsar ta tsaya, ya dauki biro ya yi lissafin hannu ya ga ko suna unguwa daya. Kuma duk babban aiki a baiwa wani injiniya daban wanda baya cin albashi a hannun mai zanen ya sake lissafawa da kansa tun daga farko har mahadu, ba wai ya duba shafuka ya buga hatimi ba.

Ku kuma 'yan jarida Malam Edita, don Allah in gini ya fadi wakilinku ya je wurin, bayan ya tambayi buhun siminti nawa aka sa, ya kara da tambayar waye ya yi lissafin, waye ya duba shi, an ga tsaga kafin ranar ko ba'a gani ba, in an gani wa aka fadawa kuma me ya ce, sannan ku bi rahoton binciken har ya fito ku buga abinda ke ciki don masu karatu su gani. Zan so kuma ku rika gayyato injiniyoyi suna yiwa jama'a bayanin irin tsagar da za'a shafe da filasta a kwana lafiya da irin wadda in an ganta a karkace kusa da ginshiki tana kara budewa dole a fita daga ginin a kira masani a ranar.

Na gode da wannan fili, Allah ya kara basira. Wassalam.

Naku,
Mai karatunku, injiniyan gine-gine